Tsohon Tankin Katako a Gefen Layin Dogo

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na ci karo da hoton wani tsohon tankin ruwa na katako, a kan dogayen ƙafafu, gefen tashar jirgin ƙasa da aka daɗe da rufewa. An ce masu wurin sun rabu biyu, wasu a rushe, wasu a gyara. Ƙwar huɗu za mu yi, wato baiti mai layi huɗu, babban amsa-amo "wa". Bismillah.

Ga wani tsoho tsaye gefen layi,
Ya sha rana, ya sha sanyi,
Shekaru ɗari yana ɗauke da nauyi,
Yau ga shi ana batun rushewa.

Jikinsa katako, ɗamara ƙarfe,
Jiragen da ya shayar tun da safe,
Hanyarsu ciyawa duk ta rufe,
Tsuntsu kaɗai ke ta leƙowa.

Ku ba ni shawara, 'yan zaure,
Shin a bar shi ne, a ƙara ɗaure,
Ko a kai masa gatari a sare?
Kowa ya faɗi, ban da ɓoyewa.

Ɗan Zamani:
Malam, da izini bari in faɗi,
Ruɓaɓɓen icce dole ya faɗi,
In ya danne yaro, babu daɗi,
Tarihi ba zai lallashi uwa.

Akwai na roba, akwai kankare,
Ba gara, ba yoyo, aiki ya ƙare,
A ɗau hotonsa, a adana tare
Da takardu, sai a yi kwancewa.

Tsohon Kafinta:
Yaro man kaza. Na haɗa ganga da hannuna tun ba a haife ka ba, kuma tankin nan ganga ce babba, ba wani abu ba. Zo kusa.

Ɗana, matso ka ƙare kallo,
Babu gam tsakanin allo da allo,
Ba kwalta, amma ɗigo bai ɓullo,
Ka tambayi sirrin haɗawa.

Kowane allo a fere gefe,
Ya jingina da ɗan uwa ya lafe,
A tsai da su kan gindi su kafe,
Har da'ira ta zo cikawa.

Ƙirga ɗamarun daga sama zuwa ƙasa,
Sama da tazara, ƙasa sun yi kusa,
Don can ruwa ke tura ƙarfinsa,
Magina sun san wurin matsewa.

Ranar da aka fara cika shi,
Yoyo yake ta ko'ina jikinshi,
Kar ka taɓa, kai dai ka bar shi,
Icce ya sha, sai kumburewa.

Kwana kaɗan ka dawo ka gani,
Ya toshe kansa, ba sauran rauni,
Ruwan da ka zarga shi ne magani,
Ƙishi ke sa shi tarwatsewa.

Malama Mai Kundi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ka gama da jiki, bari in taɓo asali.

Jirgi na da, wuta da tururi,
Tukunyarsa na shan ruwa da sauri,
Dole ya tsaya ko babu gari,
Gindin tanki yai kurɓawa.

Inda ya tsaya a kafa rumfa,
Mai kula da famfo ya zo ya kafa,
Gida ya biyo, da ɗaki da ƙofa,
Tanki ya haifi gari da kasuwa.

Da dizal ya zo ya karɓi fage,
Aka rurrushe su, kaɗan suka rage,
Wanda ya tsira in aka goge,
Shaidar farkon gari ke ɓacewa.

Ba ƙawata baiti na yi ba. A Amurka injin dizal ya kori na tururi a shekarun 1950, tankunan kuma suka zama kayan da ba mai nema. Cikin 'yan ƙalilan da suka saura akwai na garin Lusk a jihar Wayomin, na 1886, wanda aka yi wa layin dogo, yanzu yana cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasar, wadda dokar 1966 ta kafa. A Chama ta jihar New Mexico kuwa, har yau jirgin tururi mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido yana tsayawa ya sha a tankin katako.

Ɗan Zamani:
Yaya, na ji, amma ga tambaya,
In an canza allo gaba da baya,
Rufi sabo, ɗamaru ɗaya-ɗaya,
Wane ne tsohon da ake karewa?

Injiniya:
Ni ba gwanin waƙa ba ne, a yi mini afuwa. Amma ƙanena ya ɗauka zamani ya wuce katako, to ga nawa.

Je ka Niyok, garin benaye,
Kan rufi dubbai suna tsaye,
Ƙanƙara ta zo ta kewaye,
Icce ya hana ruwa daskarewa.

Sama na sha, na wanka da wanki,
Ƙasa ajiya ce a gindin tanki,
Ran gobara, kamar kuɗi a banki,
Shi 'yan kwana-kwana ke ɗebowa.

Shekara talatin in ya tsufa,
A kwance shi, a sake kafa,
Yini guda sabo ya hau ƙafa,
Sana'ar ce ba ta mutu ba.

Dalili shi ne ƙarfin ruwan famfon birnin Niyok na Amurka ba ya wuce kusan hawa 6. Benen da ya fi haka sai inji ya tura ruwa sama, daga nan nauyinsa ya sauko da shi ɗaki-ɗaki, ko an ɗauke wuta. Kamfanin Rosenwach, wanda asalinsa shagon wani mai haɗa ganga ne a 1866, da Isseks Brothers na 1890, har yanzu suna wannan aiki, yawanci da katakon wani icce da ake kira sida (cedar). Shikago ma bayan gobarar 1871 ta cika kan gine-ginenta da tankuna, sai dai nata akasari sun tafi.

Mai Alƙalami:
Injiniya, lissafi ya fita, amma layinka na ƙarshe ya sauka daga kan dogo. Ka ce "Sana'ar ce ba ta mutuwa", mu wuce. Tambayar Ɗan Zamani kuwa tana nan, ba ka amsa ta ba, ka dai zagaye ta. Na Niyok ana canza su don suna aiki. Namu na hoto ɗaya ne tilo. Baba, kana nan?

Tsohon Kafinta:
Ina nan, na je salla ne.

Ɗana, tambayarka na da ma'ana,
In da ni ne, ga sharaɗina,
Ruɓaɓɓe kaɗai zan cire da hannuna,
Mai lafiya ba ni taɓawa.

Tsohon allo da sawun zarto,
Mai ido zai iya ya karanto,
Hannun da ya fere, ya kwatanto,
Hoto bai da wannan nunawa.

Abin da na fi tsoro, masoya,
Su shafa fenti, su kewaye da waya,
Su bar ciki wayam, ba ɗigo ɗaya,
Su ce wai sun yi adanawa.

Allo ya bushe, ya ja jikinsa,
Ɗamara ta saki, ta zame ƙasa,
Iska guda ta zo ta watsa,
Masoyi ya riga maƙiyi kashewa.

Na taɓa barin wata ganga a rana tsawon rani, don na ɗauka hutu na ba ta. Da na zo ɗagawa, ɗamarar ce ta biyo hannuna, alluna suka zube a ƙafata.

Injiniya:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai a tuna galan 10,000 na ruwa ya kai kusan tan 38. Ba a ɗora wannan kan ƙafar da ba a duba ba.

Ɗan Zamani:
Baba, na sauko, amma rabi,
A fara da ƙafafu, a duba, a bi,
In an ga gara ko wani aibi,
A tokare kafin cikawa.

Tsohon Kafinta:
Na yarda ɗana, sai dai gwiwa ta ƙi,
Kai za ka hau, tsanin ni zan riƙi,
Ka soka wuƙa duk inda yai baƙi,
Ka gaya mini in tana nutsewa.