Allon sunan shago da babban allon talla na bakin titi: izinin wa ake nema?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutum ne yake son kafa alluna biyu. Na farko na sunan shagonsa ne, a manne a bango sama da ƙofa, da fitila a ciki. Na biyu babba ne, mita 6 a faɗi, mita 3 a tsaye, a kan ginshiƙin ƙarfe a filinsa da ke bakin babban titi, zai riƙa bai wa kamfanoni haya. Tunda bangon nasa ne, filin ma nasa, dole sai ya nemi izini? A wane ofis, kuma da waɗanne takardu? Mai walda dai ya ce a fara aiki, takarda ta biyo baya.

Tsarin_Birni:
Wa alaikumus salam. Malam, kada a biye wa mai walda, shi kuɗin aikinsa yake hange, in aka zo sare allon ba za a gan shi ba. Mallakar fili ba ta ba mutum ikon duk abin da jama'a za su gani daga kan titi.

Allunan nan biyu ba ajinsu ɗaya ba. Kusan ko'ina doka tana raba allon da ke tallar sana'ar da ake yi a wurin, da wanda ke tallar kayan wani daban. Na farko ana sassauta masa, wani birnin ma in ƙarami ne, ba fitila, bai leƙo kan hanya ba, ba sai an cike takarda ba. Amma da ka sa masa wuta ko ya turo kansa sama da inda mutane ke tafiya, yawanci ya fita daga wannan rangwame. Na biyun kuwa gini ne sosai, kuma kasuwanci ne, don haka izininsa kan zama kashi uku: na talla daga hukumar birni, na gini daga masu tsara birane, sannan amincewar hukumar da ke da titin. A nan mutane suka fi faɗawa, domin titin da ya ratsa cikin gari ba lallai na birnin ba ne. A Amurka, misali, dokar 1965 ta sa ido kan allunan da ke cikin ƙafa 660, wajen mita 200, daga gefen manyan hanyoyin tarayya, ko da filin na mutum ne.

Abin da za a tambaye shi: shaidar mallakar fili ko rubutacciyar yardar mai shi, taswirar wurin da ke nuna nisan allon daga kwalta, daga mahaɗa da kuma allo mafi kusa, zane mai awo na tsawo da faɗi da tsayi daga ƙasa, hoton wurin, bayanin hasken, da lissafin injiniya mai hatimi. Wasu sukan ƙara da inshora. Ya je ofis da zanen fensir tukuna ya tambayi jami'i ko unguwar ma an yarda da irin wannan allo, kafin ya biya injiniya.

Injiniya_Ƙarfe:
Malam Tsarin_Birni ya gama magana a kan takardu. Bari in nuna dalilin da ya sa ake nacewa a kan hatimin injiniya, don wasu gani suke hanyar tatsar kuɗi ce kawai.

Allo ba nauyinsa ke kayar da shi ba, iska ce. Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana danna kowace murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 56. Da yake allo shafaffe ne, iskar na tura shi ta gaba tana kuma zuƙarsa ta baya, shi ya sa ƙa'idar gini ta Turai ke ninka wannan da 1.8. Fuskar allon nan murabba'in mita 18 ce. Ka lissafa, kusan tan 1.8 ke tura shi a kwance. In tsakiyarsa na mita 6 daga ƙasa, duk wannan yana murɗa gindin ginshiƙin kamar an sa doguwar sifana. Kuma in gudun iskar ya ninka biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa.

Inda yake karyewa sananne ne: waldar da ta haɗa ginshiƙi da farantin gindi, kusoshin da aka binne cikin kankare in sun yi gajarta, da kuma ramin da bai yi zurfi ba a ƙasa mai laushi. Sai tsatsa. In aka bar kan bututun a buɗe, ruwa na taruwa a ciki ya ci ƙarfen daga ciki, waje kuwa fenti na sheƙi. A toshe saman, a huda ƙaramar kafa a ƙasa don ruwa ya fita. Kafin a haƙa rami a binciki bututun ruwa da wayoyin da ke binne, a kuma tambayi kamfanin lantarki tazarar da yake so daga wayoyinsa na sama, don ta danganta da ƙarfin wutar layin.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai. To in daga baya ya mayar da babban ya zama na majigi mai canza hotuna, izinin farko ya wadatar?

Tsarin_Birni:
A'a, sabon nema ne. Izini yana bin zanen da aka amince da shi ne, ƙarin girma, ƙarin fuska ta biyu ko sauya irin haske duk sai an koma. Damuwar hukuma direba ce. Shi ya sa ake hana walƙiya da hoto mai motsi, ake hana ja da kore kusa da fitilar ba da hannu, ake kuma ƙayyade daɗewar kowane hoto. Jagorar hukumar manyan hanyoyin Amurka ta 2007 ta ba da shawarar daƙiƙa 8. Sai na'urar da ke rage haske da kanta in dare ya yi, domin hasken da ya dace da rana tsaka makantar da mutum yake da daddare. Majigi ya fi ledar da ake buga talla a kanta nauyi nesa ba kusa ba, lissafin injiniya ma sai an sake.

Mai_Alluna:
Ƙari kaɗan, Malam. Izinin allo ba na har abada ba ne. Wani wuri duk shekara ake sabuntawa, a Ingila kuwa yawanci shekara 5 ake bayarwa. Kada ya sa hannu da kamfani a hayar da ta wuce wa'adin izininsa, in ba haka ba ranar da aka ƙi sabuntawa shi zai mayar da kuɗi. Ya rubuta a yarjejeniya wa zai ɗauki asara in hukuma ta faɗaɗa titi ko ta canza doka. Yana faruwa: birnin Sao Paulo na Brazil ya yi doka a 2006, daga 2007 aka sauke manyan allunan talla, aka kuma rage girman na shaguna.

Game da ƙaramin, ya auna daga ƙasa zuwa gindin allon in zai leƙo hanyar masu ƙafa, galibi ana neman abin da ya haura mita 2. Kada ya rufe taga ko ƙofar gudun gobara. Lambar izinin kuma a rubuta ta a kusurwar allon inda mai duba zai karanta daga ƙasa, rasit da kwafin zanen da aka buga wa hatimi su zauna a shago.