Kafson ciyawar teku yana maganin cutar mantuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu shekararsa 74, mantuwa ta yi masa yawa, har raka'o'in sallah suna rikice masa. An tallata mana kafson ciyawar teku, wai shi ake ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer a ƙasar Sin. Mu saya? Yana shan asfirin da maganin hawan jini.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Na Sin ɗin sunansa GV-971, daga ciyawar teku mai launin ruwan ƙasa ake tace shi. A Nuwamba 2019 Sin ta ba shi izini na sharaɗi, miligiram 450 sau biyu a rana, bayan gwaji kan mutum 818 na mako 36. Gwajin da aka faro a ƙasashen waje kuwa an dakatar da shi a 2022 bai kammala ba. Kuma shi tataccen sinadari ne, ba garin ciyawa da aka ɗura a kafso ba. Shi garin ciyawar kuwa, sinadarin aidin ne fal a cikinsa. In babba ya riƙa wuce maikirogiram 1,100 na aidin a rana, yana iya taɓa masa ƙullin maƙogwaro, mantuwar ma ta ƙaru.

Amsa ta 2: Maganin jijiya daga teku da ya tsaya da ƙafarsa shi ne Prialt, daga dafin wani dodon koɗi, Conus magus. Amurka ta amince da shi a 2004, amma na matsanancin ciwo ne. Ba a haɗiyarsa, ciki narkar da shi yake yi, sai dai famfo ya riƙa ɗiga shi cikin ruwan lakar ƙashin baya, a fara da maikirogiram 2.4 a rana. Shi kansa yana kawo jiri da ruɗewa.

Amsa ta 3: DHA ma, wani sinadari irin wanda ke cikin man kifi, an gwada shi: giram 2 kullum, wata 18, cutar ba ta rage gudu ba. Ga shi Baba yana kan asfirin, kada a ƙara masa komai sai da sanin likita. Da kuɗin kafson ku kai Baba asibitin koyarwa, sashen ƙwaƙwalwa, a auna bitamin B12, TSH (gwajin aikin ƙullin maƙogwaro) da sukari, don ƙarancin B12 yana kama da wannan kuma allura na gyara shi. In an ɗora shi kan donepezil, maganin da ake ba masu Alzheimer, miligiram 5 ake farawa da dare, a kai 10 bayan mako huɗu zuwa shida. Ku riƙa ƙirga bugun zuciyarsa, domin maganin yana iya rage shi.