Wai zaman gida zaman banza ne?

Maman Khalifa: Salam 'yan uwa, wlh raina a ɓace yake. Tun 2013 na ajiye koyarwa saboda yara, sai na shiga 3MTT ɗin nan, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar kwamfuta, na koyi data analisis, wato nazarin bayanai a kwamfuta, da kayan aikinsa irin su Excel da SQL da Power BI, da daddare in yara sun kwanta, laftof ɗin ma aro na yi wajen ƙanin maigida, in NEPA sun ɗauke wuta na koma waya. Jiya na je intabiyu wani kamfani, yaron da bai kai ƙanina ba ya kalli takarduna ya ce Hajiya ina kika shiga duk shekarun nan? Aikin da na haɗa ko buɗewa bai yi ba. In ba za a ɗauke mu ba a daina wahalar da mu da koyo, shekarun zaman banzan kawai suke ƙirgawa.

Hajiya Babba: Zaman banza?? Tarbiyyar 'ya'yanki ce banza? Ki yi istigfari 'yar nan.

Anti Zee: Haba Hajiya, a idon masu kamfani take nufi.

Hajiya Babba: Ni abin da ta rubuta na karanta. Shekara 30 ina ɗakina, 'ya'ya bakwai, biyu likitoci.

Maman Biyu: To likitocin ba aiki suke fita ba? Har da macen.

Hajiya Babba: Kar ki sako 'yata a maganarki, ba sa'arki ba ce.

Ummin Sadiq: Ku 'yan boko dama haka kuke kallonmu, kamar mu ba mu san komai ba.

Anti Zee: Wa ya ce boko? Ke da kuɗin adashin watan jiya har yau shiru.

Ummin Sadiq: Allah ya isa, a gaban mutane?

Maman Khalifa: Don Allah akwai wadda ta san inda ake ɗaukar masu koyon aiki ko ba albashi?

Admin: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: kalmar banza kuskure ce, Maman Khalifa ta ba Hajiya haƙuri. Yawancinmu mun yarda sana'ar cikin gida ta fi wa mace mai yara rufin asiri, ni da humra da turaren wuta na yi wa 'yata kayan ɗaki. Maganar adashi a same ni ta gefe. Na rufe guruf sai bayan isha'i.