Ƙwallon Bloch da ake juyawa a Python: ya baje kamar ƙwai, kibiyar kuma ta ɓace

Sani_K ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina son zana yanayin kiyubit (bit na kwamfutar kwantum) a kan ƙwallon Bloch, wato ƙwallon da kibiyar cikinsa ke nuna wannan yanayin, ta yadda mai kallo zai kama shi da linzami ya juya shi ta ko'ina. Da qutip.Bloch() na QuTiP, manhajar lissafin kwantum a Python, hoto kawai ke fitowa a Jupyter, ko gizau ba ya yi. A manhajar zane ta Plotly kuma matsala biyu ce: ƙwallon ya baje kamar ƙwai, sannan in aka sa kiyubit ɗaya daga cikin yanayin Bell (kiyubit biyu da suka sarƙe da juna), kibiyar ba ta fitowa sam. Ina kuskuren yake?

Malama Hadiza ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sani. QuTiP da matplotlib yake zane, shi ya sa hoton ya sandare. Girka ipympl, ka rubuta %matplotlib widget a farkon shafin, zai juyu. Amma in za ka tura wa wasu, zauna kan Plotly, domin fig.write_html zai ba ka fayil ɗaya da kowace burauza za ta buɗe.

Batun ƙwai kuwa, Plotly ne ke miƙa kowane gefe yadda ya ga dama. A cikin scene ka sa aspectmode='cube', ka ɗaure x, y da z duka daga -1 zuwa 1. Ƙwallon kansa ka yi shi da go.Surface, raga 40 sau 40 ta isa, opacity=0.15, showscale=False.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafin kan kibiyar. In yanayin a|0> + b|1> ne, ka fara tabbatar da |a|² + |b|² = 1, sannan:
x = 2*(np.conj(a)*b).real
y = 2*(np.conj(a)*b).imag
z = abs(a)**2 - abs(b)**2
Ka lura da kyau, harafin a ake yi wa conj. In ka yi wa b, alamar y za ta juye, zanen zai fito tsaf amma kibiyar tana zagayawa ta baibai. Gwada da a = 1/√2, b = i/√2: dole ta nuna +y.

Injiniya Bashir ya amsa:

Ɓacewar kibiyar nan ba laifin manhaja ba ne, gaskiyar lamarin ke nan. A yanayin Bell kiyubit biyun sun sarƙe da juna, ba wanda ke da nasa yanayin shi kaɗai. In ka yi rho = psi.ptrace(0), wato ka ware kiyubit na farko daga yanayin psi, ka lissafa expect(sigmax(), rho) da na y da z, duka ukun sifili za su ba ka. Kibiya mai tsawon sifili kuwa go.Cone, mai zana kan kibiya, ba shi da abin da zai zana. Ka ƙara ɗigo da go.Scatter3d, mode='markers', za ka gan shi zaune a tsakiyar ƙwallon. Tsawon 1 na nufin tsantsan yanayi, ƙasa da haka gauraye ne, don haka kada ka kuskura ka miƙa kibiyar da ƙarfi ta taɓo bango, ka share bayanin da ake nema ke nan. In daga Qiskit, wata manhajar kwantum, ka ɗauko yanayin, kiyubit na 0 a dama yake, a tensor na QuTiP kuma a hagu.

Sani_K ya rubuta:

Na gode ƙwarai, ɗigon ya fito. Saura motsi: ina son a ga yadda kibiyar ke sauyawa da lokaci.

Malama Hadiza ta amsa:

Ba mesolve na QuTiP, mai lissafa sauyin yanayi da lokaci, e_ops=[sigmax(), sigmay(), sigmaz()], result.expect zai dawo maka da x, y, z na kowane lokaci. A kowane go.Frame kibiyar kaɗai za ka sa, da traces=[1] (idan kibiyar ce ta biyu a jerin zanen, bayan ƙwallon), in ba haka ba ƙwallon zai maimaitu sau ɗari fayil ya kumbura. Zane na 3D sai da redraw=True yake motsi, kuma ka ba uirevision wata ƙima tsayayya don kada kusurwar da mai kallo ya juya ta koma farko. include_plotlyjs='cdn' na rage sama da megabayit 3, sai dai buɗe fayil ɗin zai buƙaci intanet.

In za ka sa lalacewar yanayi a c_ops na mesolve, ka sani sigmam() daga |0> yake kaiwa |1>, wato kibiyar za ta gangara ƙasan ƙwallon. In kana son ta koma sama wajen |0>, destroy(2) za ka sa.