Ikwaita: wane suna za mu ba ta a ajin firamare?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da labarin ƙasa a aji huɗu, kuma na daɗe ina fama da kalmar ikwaita, wato layin da ake zanawa a taswira, wanda ya kewaye duniya ya raba ta gida biyu, arewa da kudu. Yara suna haddace kalmar sarai, amma ba ta nuna musu komai. Na gwada cewa "layin tsakiyar duniya", sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai tsakiyar abu a cikinsa take, kamar ƙwallon goruba." Ta fi ni gaskiya, domin layin nan a bayan duniya yake, ba a cikinta ba. Ina neman shawararku.

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Larabawa suna ce masa haɗɗul istiwa'i, ma'ana layin daidaituwa, saboda a wuraren da ya ratsa, kamar Gabon da Uganda da Kenya da Somaliya, tsawon dare da na yini kusan ɗaya ne duk shekara, awa 12 kowanne. Kalmar Turancin ma asalinta Latin ne, kuma ma'anarta ke nan. Me zai hana mu ce "layin daidaito"?

Malama daga Damagaram: Allah ya gafarta malam, ma'anar ta fito, sai dai tana bukatar yaro ya riga ya san abin da ke sa yini ya yi tsawo a bazara ya gajarce a hunturu, wanda darasi ne na gaba. A nan Nijar yaranmu ekwater suke ji daga Faransanci, ku kuma ikwaita, saboda haka aro zai bar mu da kalmomi biyu a harshe ɗaya. Ni "ɗamarar duniya" nake cewa. Nakan shiga aji da duma, in ɗaura masa jan zare a daidai inda mai fafe ƙwarya zai sa wuƙa, in tambaye su abin da zai fito idan aka bi zaren aka yanka. Kowa ya san amsar: ƙwarya biyu. Daga nan rabin arewa da rabin kudu ba sa bukatar dogon bayani, har na kan ji yaran da kansu suna cewa mu a ƙwaryar arewa muke.

Wani tsohon hedimasta: Malama, kalmarki tana da daɗi a baki, amma ɗamara abu ce da ake gani ake taɓawa, kuma ina tsoron yaro ya ɗauka akwai wani zare na gaske da matafiyi zai tsallake a Kenya.

Mai tambaya: Baba, wannan tsoron yana nan ko da "layi" muka ce, kuma maganinsa malami ya kwance zaren a gaban yara, ya nuna musu dumar ba ta da wani tabo. A ganina ɗamara ta fi sauran, domin ta faɗi abu biyu da nake bukata a lokaci guda: tana kewayewa, kuma a ƙugu take, inda duniya ta fi kauri, har tsawon zagayen ya kai kimanin kilomita 40,075. Tana kuma karɓar ƙari ba tare da wahala ba, har a ce Kano tana digiri 12 arewa da ɗamara, wato tazarar kilomita 1,300 da 'yan kai. Zan riƙa rubuta "ɗamarar duniya" a allo, in ajiye ikwaita kusa da ita saboda jarrabawa. "Layin daidaito" kuwa zan adana shi zuwa aji shida, lokacin da za mu kai ga tsawon dare da yini.