Rangwamen harajin gida a Amurka: abin da ya iso aljihun kowannenmu

Baban Zainab (Teksas): Assalamu alaikum, 'yan uwa. A duk lokacin da majalisar jiha ta kammala kasafin kuɗi, mukan ji 'yan siyasa suna alfahari da cewa sun rage harajin gida, amma idan takardar haraji ta iso sai mutum ya rasa inda ragin ya shiga. Ina roƙon duk wanda yake da gida ko yake zaman haya ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa a jiharsa. Ni zan fara da Teksas, inda ba a karɓar harajin albashi na jiha, saboda haka makarantu da gundumomi da birane sun dogara matuƙa ga harajin gida. A shekarar 2023 jihar ta sami rarar kuɗi ta kimanin dala biliyan 33, majalisa ta ware kusan dala biliyan 18 don sauƙaƙa wannan haraji, aka kuma ɗaga adadin da ake cirewa daga ƙimar gidan zama kafin a lissafa harajin makarantu daga dala dubu 40 zuwa dala dubu 100, masu zaɓe suka amince a watan Nuwamba. A wannan shekarar harajina ya ragu ƙwarai, ba zan musanta ba. Sai dai ragin ya faɗa ne kan kason makarantu, alhali kason gunduma da na birni da na asibitin gunduma suna nan, kuma suna hawa ne tare da ƙimar da ofishin kimanta gidaje yake ɗora wa gidan. Cikin shekaru biyu sai na ga wani ɓangare na sauƙin ya zaizaye.

Maman Hanifa (Teksas): Wa alaikumus salam, Yaya. Ina so in ja hankalin sababbin masu gida cewa wannan rangwame ba ya zuwa da kansa, dole ne mutum ya cike takarda ya kai ofishin kimantawa na gundumarsa, kuma adireshin da ke jikin lasisin tuƙinsa ya yi daidai da na gidan. Ba a biyan ko sisi, duk da cewa bayan mun sayi gida wasu kamfanoni sun yi ta aiko mana da wasiƙu masu kama da na hukuma suna neman kuɗi don su cike mana. Wanda ya yi rajistar yana samun kariya ta biyu, wato ƙimar da ake lissafa masa haraji a kai ba za ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara ba. Kuma yana da damar ƙalubalantar ƙimar, yawanci kafin 15 ga Mayu. Mun je da hotunan tsagewar harsashin gidanmu da takardar kiyasin gyara, aka saurare mu, aka rage. A 2025 an sake ɗaga rangwamen zuwa dala dubu 140, amma duk wanda bai yi rajista ba bai amfana da wannan rangwamen ba.

Abu Sadik (Teksas): Hajiya, ni ɗan haya ne, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a cikin waɗannan biliyoyin babu abin da aka ware wa masu haya kai tsaye. Mai gidana yana biyan haraji, ni kuwa ina biya masa shi a cikin kuɗin haya kowane wata, kuma ban ga ya rage mini komai ba.

Malam Na-Allah (New Jersey): Abu Sadik, a nan ne jiharmu ta ɗan bambanta, ko da yake harajin gida a New Jersey yana cikin mafi tsada a ƙasar baki ɗaya. Tun 2022 muna da shirin ANCHOR, wanda yake ba mai gida da kuɗin shigarsa bai wuce dala dubu 150 a shekara ba dala 1,500, yana kuma ba ɗan haya dala 450. Na karɓa lokacin da nake haya, na kuma karɓa bayan na sayi gida. Abin da ya kamata a fahimta shi ne kuɗin ba ya rage harajin da gari da gunduma da hukumar makarantu suke ɗorawa, jiha ce take maido da wani abu daga kasafinta, wanda sai an sake amincewa da shi kafin 1 ga Yuli na kowace shekara. Saboda haka ban taɓa sa shi cikin lissafin cefanen gida ba. Bankin da nake biya bashin gidana yana haɗawa da haraji a biyan wata-wata, kuma da harajin ya ƙaru sai ya aiko da wasiƙa cewa asusun da yake tara kuɗin harajin ya yi giɓi, biyan wata ya hau nan take, alhali kuɗin jiha sau ɗaya suke zuwa a shekara.

Inna Rabi (Minisota): 'Ya'yana, ni ina aiki ne a sashen jin daɗin jama'a na wata gunduma, kuma ina so ku duba lamarin ta ɓangaren gundumar, domin mutane suna zagin kwamishinoni, wato zaɓaɓɓun shugabannin gunduma, ba tare da sanin nauyin da ke kansu ba. A Minisota gunduma ce take tantance masu neman tallafin abinci da inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, ita ce take kula da yaran da aka raba da iyayensu, da gidan yari, da hanyoyin karkara. Yawancin waɗannan ayyuka dokar jiha ko ta tarayya ce ta wajabta su, ba zaɓi ba ne, kuma idan kuɗin da aka haɗo da umarnin bai isa ba, gunduma ba ta da wata ƙofa mai faɗi sai harajin gida. Dokar da majalisar tarayya ta zartar a 2025 ta rage kason da tarayya take biya na kuɗin gudanar da shirin tallafin abinci daga rabi zuwa kashi 25 cikin ɗari, kuma a jiha irin tamu nauyin yana gangarowa ne kan gunduma. Wannan ne ya sa duk shekara, kafin majalisar jiha ta zauna, kwamishinoni suke rubuta jerin buƙatunsu, kuma abin da ba ya ɓacewa daga jerin shi ne kada a ɗora musu sabon aiki ba tare da kuɗinsa ba, sai ƙarin tallafin jiha, sai gyaran tsofaffin manhajojin kwamfuta da muke aiki da su, waɗanda suke cinye mana lokaci fiye da kima. Gunduma tana tsayar da adadin harajin da take son tarawa kafin ƙarshen Satumba, takardar sanar da harajin da ake shirin ɗorawa tana isa ga masu gidaje a Nuwamba, sannan a yi zaman jin ra'ayi kafin a rufe a Disamba. A zaman za a iya rage adadin, amma doka ta hana a wuce shi, sai a wasu 'yan lokuta na musamman. Na sha halarta, kuma ban cika ganin namu a wurin ba.

Baban Zainab: Inna, wannan bayani ya buɗe mini ido, amma ban yarda cewa gunduma ba ta da laifi ko kaɗan ba. Idan ƙimar gidaje ta tashi, kwamishinoni suna iya barin ma'aunin haraji yadda yake, su tara kuɗi fiye da na bara, sannan su ce ba su ƙara haraji ba. A Teksas dokar 2019 ta hana birane da gundumomi ƙara abin da suke tarawa don ayyukan yau da kullum da fiye da kashi 3.5 cikin ɗari ba tare da zaɓe ba, kuma ina ganin ta yi amfani.

Kawu Garba (Jojiya): Kowannenku yana da hujja. A Jojiya masu zaɓe sun amince a Nuwamban 2024 da dokar da ta hana hawan ƙimar gidan zama ya wuce hauhawar farashi, amma aka ba gundumomi da birane da hukumomin makarantu damar ficewa kafin 1 ga Maris na 2025, bisa sharaɗin su yi zaman jin ra'ayin jama'a sau uku. Da yawa sun fice, ciki har da hukumar makarantun yankinmu. Na je ɗaya daga cikin zaman da niyyar yin faɗa, sai jami'in kuɗi ya nuna mana yadda kuɗin inshorar lafiyar direbobin bas da masu dafa abinci ya koma wuyan hukumar, da abin da za a yanke idan kuɗin shiga ya tsaya cik. Har yanzu ina ganin sun yi gaggawar ficewa, domin tsofaffin da suke rayuwa da fansho a unguwarmu ba su da inda za su samo ƙarin. Abu Sadik, shawarata gare ka ita ce ka nemi jerin buƙatun gundumarku, yana shafinsu na intanet, ka duba ko sun ambaci masu haya, idan babu ka rubuta wa kwamishinan mazaɓarka da ɗan majalisarka kafin zaman majalisa na Janairun 2027, tunda ta Teksas sau ɗaya take zaman yau da kullum a shekara biyu.

Abu Sadik: Na gode, Kawu. Zan nemo jerin in sa shi a nan, kuma ina roƙon Malam Na-Allah ya turo mini bayanin yadda ake tantance masu haya a shirin ANCHOR, domin in haɗa shi cikin wasiƙar.