Musayar waƙa: daren da ya fi kowanne tsawo

Ɗan Ayalan: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau 21 ga Disamba, nan Dublin rana ba ta leƙo ba sai bayan takwas da rabi, huɗu da 'yan mintuna ta faɗi. Mu waƙe bukukuwan da arnan Turai na da ke yi wa wannan lokaci. Amsa-amo "rana", wanda ya karya goro a kansa.

Akwai kushewa a Newgrange ta Ayalan mai ƙofa,
A samanta magina suka bar wata kafa,
Shekara 5,000 ke nan, ku duba fa,
Ba ta saɓa alƙawarinta da rana.

Da sanyin safiya haske zai kutsa,
Lungu mai mita 19 ya ratsa,
Minti 17 duhu ya matsa,
Matattu ma su gaisa da rana.

Inna Ladi: Ɗana, ka fara mana da kabari da sassafe?

Zo mu je Rum ka ga sharholiya,
17 ga Disamba, Saturnaliya,
Ubangida ke zuba wa bawa miya,
Mai ɗaukar tulu shi ma da tasa rana.

Ana ta caca a bainar jama'a,
Kotu a rufe, babu shari'a,
Mai yin kyandir ya ci ribar sana'a,
Kyauta ake da shi, ƙanen rana.

Malam Na-Gwale:
Inna, a Norwe Yul ake cewa,
Naman doki a tukunya yana dahuwa,
A ɗaga ƙoƙo ga gunki Freyr don yabanya mai zuwa,
Gona na ƙarƙashin ƙanƙara, ana jiran rana.

Sarki Hakon, mai bin Kiristanci,
A ƙarni na 10 ya yanke hukunci,
Wanda bai dafa giya ba, tararsa za a ci,
Yul da Kirsimeti ya haɗe musu rana.

Inna Ladi: Naman doki? Malam, ka ɓata min miyata.

'Yar Maraɗi:
Ku dai ku yi ta yawon Turai,
Ni hunturu ya tsaga min diddige sarai,
Ga murhu, ga man kaɗanya kawai,
Hazo ya rufe mu, ina ma na ga rana.

Ɗan Ayalan: Yaya, ciwonmu ɗaya. Shiga ɗakin Newgrange a wannan asuba sai da ƙuri'a, ni kuwa ban ci ba. Na tsaya a waje cikin jama'a, hannu a aljihu, haƙora na kaɗawa, ga gajimare ya dunƙule. Shayi na sha na hau mota.

Inna Ladi: Babu baiti a nan, ɗana. Kawo goron.